Rahoton ayyukan shekara: kakar wutar daji ta 2024/2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarurrukan wata an yi su, masu zuwa su ne dai masu zuwa.

Kowa ya ga daminar 2024, wadda ta kai har ga rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Ruwan nan ya bar ciyawa jingim daga Tanut zuwa Tasker, zafi ya busar da ita da wuri, sai hunturu ya taso. Guntun sigari ɗaya, ko garwashin shayi da aka manta a bakin rijiya, ya isa ya tada wuta.

A nan taswirar FIRMS ta hukumar NASA, mai nuna inda wuta ta tashi, ta biya mu wahalarmu. Tauraron ɗan Adam yakan ratsa samanmu wajen azahar, bayaninsa ya iso cikin kamar awa 3, kowane jan ɗigo kuma fili ne na wajen mita 375 da zafinsa ya wuce ƙima. Wata la'asar yaranmu masu duba waya suka ga ɗigo biyu arewa da Tanut. Nan take suka sanar da ma'aikatan gandun daji, suka tura saƙon murya a WhatsApp da Hausa, Fulatanci da Buzanci, tunda makiyayi bai da lokacin karatu. Kafin magariba mutanen rugage sun fito da rassan itace da shebur, wasu a kan raƙuma, mata na jigilar ruwa. Wutar ta zo da gudu, ta iske hanyar kare wuta mai faɗin mita 20 da muka share, ta tsaya cak. Bayan isha'i aka kashe sauran. Ko akuya ba a rasa ba. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, yau kun tsare mana abincin rani." Ciyawar da aka tara wajen sharar hanyar ma an sayar, da ita muka zuba man babura.

To, masu tambayar hanyar kare wuta ta biyu ta wajen Belbeji: ba a gama ba, kuma biro, wato shugabannin ƙungiya, bai ci kuɗin kowa ba. Fiye da rabinku ba ku biya kuɗin wata ba, jaka guda tak. Ma'aji ya bi gidaje har takalminsa ya tsinke. Da me za a sayi manjagara, da me za a ciyar da masu shara? Maganar sola ta cajin wayoyi ita ma nan ta kwana. A Tasker kuwa matsalar rezon waya ce, wannan ba a hannunmu take ba.

Masu cewa a sayi jirgi maras matuƙi, galibinsu ban ga fuskarsu a taro ba tun sallar layya.

Littafin ma'aji a buɗe yake ga mai son dubawa. Wanda ake bi bashi ya kawo kafin taron Asabar, don shara dole ta fara da ɗaukewar ruwa.

Sakataren ƙungiya, Damagaram