Wasiƙa daga Bayona

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara. Kuɗin taki na tura ranar Talata, in sun shigo ka sanar da ni.

Ka tambaye ni su wa nake yi wa shara da wankin zannuwan gado a masaukin nan. Kiristoci ne masu ziyara a ƙafa. Da yawansu daga Porto ta ƙasar Fotugal suke tasowa, su bi bakin teku har birnin Santiyago da ke nan ƙasar Sifen, wajen kilomita 280, inda suka ce kabarin Yaƙubu almajirin Annabi Isa yake. Kibiya rawaya a jikin bango ce ke nuna musu hanya. Ni nake buga musu hatimi a ɗan littafinsu, don sai wanda ya taka aƙalla kilomita 100 ake ba takardar shaida.

Da na samu hutu sai na ce bari in ɗanɗana. Na hau mota zuwa garin A Guarda, na dawo a ƙasa cikin kwana biyu. Can na hau dutsen Santa Trega, sai ga kangon gari mai shekara sama da 2,000, ɗakunansa zagayayyu na dutse, wasu an sake yi musu jinka. Wallahi Yaya, kai ka ce ɗakin Inna ne na tsohon gida. Na daɗe a tsaye.

A Oia akwai tsohon gidan masu ibada daf da ruwa, waɗanda a 1624 suka kori jiragen 'yan fashin teku da igwa. Malamai da igwa, ka ji fa! Nan Bayona kuwa Pinta, ɗaya daga cikin jiragen ruwan Kolombos, ya sauka a Maris 1493 da labarin isarsu Amurka. Kwafinsa na nan a tasha, ƙanƙantarsa ta ba ni tsoro.

Kilomita talatin kacal, amma ƙafata duk ta yi bororo. Ina ɗingishi ina tuna Kaka da tafiyarsa Makka a ƙasa, ta Farlomi (Njamena ta Chadi a yau) da Sudan. Ka tuna yadda muke sulalewa in ya fara labarin? Yanzu ina neman mai ba ni, babu. Don Allah ka zauna da Inna ta faɗa maka garuruwan da ya yada zango, ka rubuto mini. Sandarsa ma in tana nan a ɗauko mini hotonta.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka