Gidan dala dubu a Detroit, ko a ci gaba da haya a Harlem?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan batun da ya hana 'yan'uwanmu mazauna New York barci. Masu kuɗi sun cika unguwar Harlem, haya ta yi tashin gwauron zabo, talakan da ya raya unguwar kuwa sai tattara komatsai. Yanzu kowa ka taɓa sai ya ce birnin Detroit na jihar Michigan zai koma, saboda arahar gidaje.

Arahar gaskiya ce. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950 ya dawo 639,111 a ƙidayar 2020, bayan masana'antun mota sun ja da baya. A 2013 ma gwamnatin birnin ta bayyana cewa ta talauce. Hukumar filayensu na gwanjon gidajen da aka yasar, farashi na farawa daga dala 1,000. Ga masallatai da naman halal birjik a Dearborn da Hamtramck, garuruwan da ke maƙwabtaka da Detroit, wanda ba ƙaramin abu ba ne gare mu.

Sai dai araha ba ta ado. Gidan nan kango ne: rufi ya ruɓe, an sace wayoyi da bututu, kuma dole ka gyara cikin wa'adi. Harajin gida da inshorar mota suna da tsada ƙwarai, ga shi babu mota babu zuwa aiki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, unguwannin Corktown da Midtown na Detroit sun fara tsada. Kada mu je mu yi wa talakawan can abin da aka yi mana. Ni dai sai na ga aiki a hannu kafin in ɗaure kaya.

Naka,
Wani mai karatu daga Harlem