Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ƙa'idojin Kayan Gini: Ina Ma'aunin Tokar Itace?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Da bakinka ka yi alƙawarin fitar da ma'aunin sa tokar itace a siminti. Har yau shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Su kuwa masu buga bulo ba su jira ka ba, da shebur suke ɗebo toka su zuba a kwaɓi, ido ne sikelinsu.

Yallabai, toka suna ta tara. Wadda wuta ba ta gama cinye itacenta ba tana cike da burbushin gawayi, gawayi kuwa soso ne: ya zuƙe ruwan kwaɓi, magini ya ƙara ruwa, ƙarfin kankare ya faɗi. Ma'aunin ASTM C618 na Amurka ya ƙayyade cewa nauyin da tokar kwal za ta rasa in an sake ƙona ta, wanda ke nuna yawan gawayin da ya rage a cikinta, kada ya haura kashi 6 cikin 100. Tokar itace ba ta cikinsa. Giɓin da muke kuka da shi ke nan.

Sannan ga sinadarin fotashiyam, wanda tokar itace ke da shi jingim. In ya haɗu da silikar wasu nau'o'in tsakuwa, sai ya haifar da wani danƙo mai kumbura in ya sha ruwa. Bangon lafiya lau ranar tarewa, bayan shekaru sai tsaga ta bi shi kamar yanar gizo. Sinadarin kuloraid da kan zo cikin toka kuma rodi yake sa wa tsatsa, shi ya sa ma'aunin EN 450-1 na Turai bai yarda ya wuce kashi 0.1 cikin 100 a tokar kwal ba. Tokar katako mai fenti ko maganin gara kuwa, ba ta shiga lissafi sam.

Abin da muke nema bai kai shafi biyar ba. A busar da toka, a niƙa, a tankaɗe, a gwada laushinta da rariya mai hudar maikuron 45 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). A tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin siminti, wato kilo 2.5 zuwa 5 a buhu mai kilo 50. Kada ta shiga ginshiƙi ko rufin kankare (dakin) sai samfurin kankaren da aka kwaɓa da ita ya ci gwajin matsi bayan kwana 28.

A wajen taro kam ka iya zancen hayaƙin tandar siminti mai zafin digiri 1,450, har da tafi. Madalla. To don Allah ka kira kwamitin da zai rubuta ma'aunin, ka sa masa wa'adi, ka kuma sanar da mu ranar.

Daga wasu injiniyoyin kankare.