Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce a fitar da rahoto kafin a watse hutu, to ga shi.

Zaman wata-wata an yi shi kamar kullum, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da Allah Ya nufe mu da shi bana shi ne ziyarar filin tseren motoci na Buddh. Shekara da shekaru muna zaune a garin Greater Noida na ƙasar Indiya, muna wuce shi ta babban titin Yamuna, muna hango rumfar 'yan kallo daga tagar mota, ba mu taɓa sa ƙafa ciki ba. Ranar da muka shiga, a kan layin tashi muka tsaya, ɗan uwanmu mai karatun injiniya ya karanta mana tarihin da ya harhaɗa. Da'irar ta ɗan haura kilomita 5, tana da lanƙwasa 16, zanen Hermann Tilke, mai zana filayen tsere, ce, kuma kamfanin Jaypee ya gina ta. An fara tseren Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a nan ranar 30 ga Oktoba 2011, zagaye 60, shahararren ɗan wasan kurket Sachin Tendulkar ne ya kaɗa tutar ƙarshe, ga ɗan ƙasar Indiya Narain Karthikeyan cikin masu tuƙi. Sau uku kacal aka yi, 2011, 2012 da 2013, kuma duk ukun Sebastian Vettel ya cinye da motar Red Bull.

Da aka zo kan 27 ga Oktoba 2013 kowa ya yi tsit. Ranar ce Vettel ya zama zakaran duniya karo na huɗu a jere, ya yi ta juya motar a gaban 'yan kallo har hayaƙin taya ya turnuƙe, ya fito ya durƙusa a gabanta. Wannan murna ta jawo wa Red Bull tarar Yuro 25,000. Wani ƙaninmu sabon zuwa ya tsuguna ya shafa kwaltar da tafin hannu, ya ce, "Yaya, ashe nan ne." Ni dai wannan kaɗai ta biya ni wahalar neman izini da hayar bas.

Mun kuma yi muhawara kan abin da ya kashe tseren. Gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta ɗauke shi a matsayin nishaɗi, ba wasa ba, don haka harajinsa ya yi nauyi, ga wahalar kwastam wajen shigo da motoci da kayan gyara, ga 'yan kallo sun ragu bayan shekarar farko. Aka ce za a tsallake 2014 a dawo a 2015. Har yau shiru. Babura ne suka zo a 2023, wato MotoGP.

Yanzu batun ɗan littafin tarihin tseren da muka yi alkawarin bugawa da Hausa. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Ba haka ba ne. An gama babi biyu, na uku kan shari'ar haraji, wadda Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a 2017, shi ya tsaya, domin wanda ya karɓe shi ya kammala karatu ya koma gida da takardun. Ko da an gama ma, da me za a buga? Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba, kuma ragowar kuɗin bas daga aljihun ma'aji ya fita, har yanzu ba a mayar masa ba. Shi ya sa rigunan ƙungiya ma ba a ɗinka ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ranar ziyara kujerun bas ba su isa ba, amma ranar zama ana ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya. Na gaji da bin mutane ɗaki-ɗaki kamar mai bin bashi, ga jarrabawa a gabana kamar kowa.

Ma'aji zai tsaya da littafin rasit bayan sallar Juma'a mai zuwa. Wanda zai iya ɗaukar babi na uku ya same ni a can.