Godiya ga ma'aikatan sabuwar cibiyar al'adu da wasanni ta birninmu

Zuwa ga shugabar cibiya da dukan ma'aikatanta,

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina horar da 'yan mata ƙwallon kwando, kuma babu irin wahalar da ban sha ba wajen neman wurin atisaye. Akwai zauren da muka shiga, ko rabin sa'a ba mu yi ba yara biyu suka zube ƙasa saboda zafi. Bangonsa gilashi ne yana kallon yamma, rana na karkatawa sai ta faɗo ciki kai tsaye, ka ce a tanda aka rufe mu. Na kai kuka, aka ce na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, in dawo wani makon. Wani wurin ko gaisuwata ba a amsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanwar ɗaya daga cikin yaran, wadda ke kan keken guragu. Duk ranar wasa sai mun ɗauke ta cak mun haura matakala da ita, jama'a na kallo, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Da wannan zuciyar na shigo ofishinku, a shirye nake in sha wani wulaƙancin. Sai ga shi an ba ni wurin zama, an rubuta mana ranaku, an gama cikin 'yan mintuna.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matashin injiniyan da ke kula da ginin. Ya gan ni tsaye a tsakiyar zaure ina ta ɗaga kai, ina neman inda sanyin nan ke fitowa alhali babu wata na'ura a kunne. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, taho in nuna miki." Ba aikinsa ba ne, ga shi yana da abin yi a hannu, amma ya zaga da ni ko'ina. Ya nuna mini ƙananan tagogi a ƙasa da wasu can kusa da rufi: iska mai zafi sama take tashi, ta fice ta na sama, ta jawo mai sanyi ta na ƙasa. Dogayen bangayen arewa da kudu suke kallo, don ranar safe da ta yamma su ne masu wuyar karewa. Bulon kuwa na ƙasa ne da aka matse, da ɗan siminti kaɗan. Yana da kauri, yana riƙe zafin yini sai dare ya sake shi. A bakinsa na ji cewa siminti kaɗai ke jawo kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Ya ce in nemi aikin Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya gina makarantar firamare ta laka mai ɗagaggen rufi a ƙauyen Gando a 2001, ya kuma ci kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Na nema, na gani, na jinjina.

Lissafin ruwan sama ne ya fi burge ni, har na maimaita wa yarana. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 1,000 zai iya tara lita 20,000 a ruwan milimita 20. Naku indararo na kai shi tanki, da shi ake wanke banɗaki da ban ruwan itatuwa. Farantan sola na saman rufi, fitilu kuma ba a kunna su da rana.

Ranar atisayenmu na farko yarinyar nan ta tura kekenta da kanta ta gangarar ƙofa, wadda a tsawon mita 12 mita 1 kawai take tashi. Ba ta nemi hannun kowa ba. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Shi ya sa nake jin takaicin sauran wuraren. Ana zuba maƙudan kuɗi a gina akwatin gilashi don ya yi kyau a hoto, ba a tambayi inda rana ke faɗuwa ba, ba a tambayi mai keke ko tsoho ba. Bayan shekara biyu kuɗin wuta ya gagare su, a kulle ƙofa, yara su koma wasa a bakin titi. Masu zaman ofisoshin kuma suna ganin kamar alfarma suke yi wa wanda ya zo.

Ku miƙa gaisuwata ga waɗanda suka zana ginin, da wannan ɗa nawa injiniya. Allah ya saka muku da alheri. Muna nan tafe ranar Asabar da ƙarfe huɗu.

Taku,
Mai horar da 'yan matan ƙwallon kwando