Wasiƙa: Yawon Cin Fiza a Tsohon Birnin Napoli, Tsarinsa da Inda Yake Lalacewa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi bayani a kan wani yawon buɗe ido da ake tallata wa duk baƙon da ya sauka Italiya, har da 'yan'uwanmu da karatu ko kasuwanci ke kaiwa can. Ana bin jagora ne a ƙasa cikin tsohon birnin Napoli, ana tsayawa a ɗanɗana fiza, wato faffaɗar gurasar Italiya da ake gasawa da kayan haɗi irin su tumatir da cuku a kai, ana kuma jin tarihin lungunan da ake ratsawa. A baki abin da sauƙi. Amma sau da yawa ana watsewa ne ciki ya cika fal kai bai riƙe komai ba, ko kuma a sha dogon jawabi a ƙofar coci fizar na hucewa a hannu. A ganinmu fiza ce ya kamata ta tsara hanya da lokaci, domin ita ce ba ta jiran kowa. Tarihin kuma a ajiye kowane yanki nasa a daidai wurin da zai bayyana abin da ke bakin mutum.

Dalilin rashin jiranta yana cikin yadda ake yin ta. Ƙungiyar kare fizar Napoli ta asali, AVPN a taƙaice, wadda masu sana'ar suka kafa a Napoli a 1984, ta rubuta ƙa'ida. Ga lita ɗaya ta ruwa ana sa gishiri giram 40 zuwa 60, fulawa mai laushi kilo 1.6 zuwa 1.8, da yis ɗan mitsitsi wanda bai wuce giram 3 ba. Babu mai, babu sukari. A bar kwaɓin ya tashi aƙalla awa takwas, a yanka shi curi-curi, kowane curi giram 200 zuwa 280. Da hannu ake faɗaɗa shi, ana tura iskar da ke ciki daga tsakiya zuwa gefe. Idan aka murza da katako iskar ta fice, gefen ba zai kumbura ba. Faɗin kada ya wuce santimita 35. Sai a jefa cikin tanderu na itace mai zafin digiri 430 zuwa 485, daƙiƙa 60 zuwa 90 a fito da ita. Duk wanda ya san gurasar da aka ɓamɓaro yanzu daga tanderu da wadda ta kwana ya fahimci zancen, sai dai ita fiza ta fi saurin lalacewa, saboda tsakiyarta sirara ce ƙwarai ga kuma ruwan tumatir da cuku a kai. Cikin 'yan mintoci cukun ya daskare, gefen ya koma kamar roba. Idan kuwa aka rufe ta a kwali aka ɗauka zuwa wani dandali wai don a ci a gaban tsohon gini, tururi ya rasa mafita ya jiƙe gindinta. Saboda haka a ci a wurin da aka gasa, jagora ya yi shiru na ɗan lokaci. Bayani kafin ta fito ne, ko bayan an goge hannu.

Hanyar da ta fi dacewa ba ta kai kilomita biyu ba. A taru a dandalin Piazza Dante, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa ke da tasha. A bi ta ƙofar Port'Alba, wadda aka huda a ganuwar gari a 1625 zamanin mulkin Sifaniyawa, masu sayar da tsofaffin littattafai na jere a ƙarƙashinta. Nan kusa akwai gidan fizar da ake cewa shi ne mafi daɗewa a garin, ana danganta buɗe shi a matsayin wurin zama da shekarar 1830. Taku kaɗan sai Piazza Bellini, inda ake leƙa wani rami a tsakiyar fili a ga ragowar ganuwar Girkawa, manyan tubalan dutse masu shekara sama da 2,300. A nan jagora zai faɗi abu ɗaya da zai yi wa mutane amfani har ƙarshen tafiya: Girkawa ne suka zana garin, suka kira shi Neapolis, wato sabon birni, suka shimfiɗa dogayen tituna uku daga gabas zuwa yamma, ƙananan lunguna na yanka su. Titin da za a shiga yanzu, Via dei Tribunali, shi ne na tsakiya a cikin ukun, kuma har yau yana kan layin da suka ja. Wannan tsari na cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sa tsohon garin a jerin kayan tarihin duniya a 1995.

A kan wannan titi za a yi tsayawar farko, kuma marinara ce ta dace da buɗe baki: tumatir, tafarnuwa, ganyen oregano da man zaitun, babu cuku. Da yake babu abin da zai rufe aibi, a ita ake gane kwaɓi. A ɗaga gefen a duba gindi. Ɗigo-ɗigon baƙi a jikin gefe alama ce ta wuta mai kyau. Gindin da ya yi baƙi ƙirin kuma yake ɗaci yana nuna an barbaɗa fulawa da yawa ta ƙone a ƙasan tanderu, ko ba a share ƙasan ba. A yage gefen a ga cikinsa: ramuka manya da ƙanana na nufin kwaɓi ya tashi, cunkusasshen ciki mai danƙo na nufin an yi gaggawa. Wajibi ne a gaya wa baƙi tun da wuri cewa tsakiyar fizar Napoli da laushi take da ɗan ruwa-ruwa, haka ake yin ta. Wanda ya saba da mai ƙaras-ƙaras zai ɗauka ba ta gasu ba, ya mayar, a ɓata wa mai gida rai a banza.

Tarihin da ke tafiya da marinara shi ne na talakan gari. A ƙarni na 18 da na 19 Napoli na cikin biranen Turai mafiya cunkoso, iyali guda na kwana a ɗaki ɗaya na ƙasa mai ƙofa a bakin lungu, irin waɗanda ake kira bassi, ba wurin girki. Mutane a titi suke cin abinci. Yara 'yan talla ke ɗauko fiza daga tanderu a cikin wani mazubin ƙarfe a ka, suna yankawa gwargwadon kuɗin mai saye. Har yau ana ganin waɗannan ɗakuna a lungunan da ke fita daga Tribunali, da shanya a rataye daga bene zuwa bene. Jagora ya nuna daga nesa kawai, gidajen mutane ne, ba a cusa musu kyamara. Shi kansa tumatir baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya iso Turai a ƙarni na 16 kuma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi. Kalmar fiza ta girme shi nesa ba kusa ba, domin an same ta a wata takarda ta garin Gaeta mai kwanan wata 997.

Batun yawa shi ne inda masu shiryawa suka fi kuskure. Fiza ɗaya cikakkiya abincin mutum ɗaya ce. Idan za a tsaya sau uku, a raba ɗaya ga mutum huɗu a kowace tsayawa, ta yadda kowa zai tashi da abin da bai kai guda ba. Wanda aka ba shi guda sukutum a tashar farko, ya gama yawo, sauran tafiyar hamma zai yi. A bar tazarar minti talatin zuwa arba'in tsakanin tsayawa da tsayawa, kowa da gorar ruwansa, domin gishirin kwaɓin na sa ƙishi.

Wannan tazarar ce za a cike a Piazza San Gaetano, tsohuwar zuciyar garin tun zamanin Girkawa da Rumawa. A fuskar cocin San Paolo Maggiore akwai ginshiƙai biyu da suka rage daga wani wurin bautar Rumawa. A ƙarƙashin San Lorenzo Maggiore kuma ana sauka da tikiti a taka titin kasuwar Rumawa, shaguna a jere, har da na mai burodi da tanderunsa. Wannan shi ya fi kowane wuri dacewa da yawon. A wannan fili ne kuma ake shiga ramukan ƙarƙashin gari, zurfin kusan mita 40, inda aka sassaƙo dutsen gini aka mai da gurbin matattarar ruwa. Annobar kwalara ta 1884, wadda ta kashe dubbai, ita ta sa aka daina shan ruwan, a yaƙin duniya na biyu kuma mutane suka ɓuya a ciki daga bama-bamai. A ba da labarin a sama. Shigar na cin fiye da awa ɗaya, da matakala sama da ɗari, a ware mata wata rana.

Tsayawa ta biyu ta margherita ce: tumatir, cukun mozzarella, ganyen basil ɗan'uwan ɗoɗɗoya, da man zaitun. Cukun iri biyu ne, na nonon saniya da ake kira fior di latte, da na nonon ɓauna. Na ɓauna ya fi maiƙo ya fi ruwa, idan ba a yanka shi an tsane tun da sauran lokaci ba sai ya yi tafki a tsakiya. A nan kowane jagora ke kawo labarin Sarauniya Margherita, matar Sarki Umberto na Ɗaya, wadda aka ce a 1889 wani mai sana'ar fiza, Raffaele Esposito, ya gasa mata fiza mai launin tutar Italiya, ja da fari da kore, aka sa mata sunanta. Labarin da daɗi, amma jagora na gari zai ƙara da cewa masana tarihi na tababa a kan wasiƙar fadar da ake kafa hujja da ita, kuma an san wannan haɗi a garin tun kafin shekarar. Gidan fiza na Brandi, inda aka manna allon tunawa da abin, yana can wajen ƙarshen Via Toledo, tafiyar kusan minti ashirin daga Piazza Dante ta wata fuskar daban. Jan ayari zuwa can don allo ɗaya ɓata ƙafa ne.

Daga nan a gangara ta San Gregorio Armeno, lungun masu sassaƙa ƙananan mutum-mutumi, a faɗa Spaccanapoli, titin da ya tsaga tsohon gari biyu, a nufi unguwar Forcella. Soyayyar fiza ce ta ƙarshe, domin bayan an ci abu mai maiƙo harshe ba ya jin komai. Ta yi ƙarfi ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da itace da kayan haɗi suka yi wuya, mata na soyawa a ƙofar gida suna ba da bashi, a ci yau a biya bayan kwana takwas. Mai kyau takan kumbura kamar fanke ta fito ba ta ɗiga. Idan man bai yi zafi sosai ba, wajen digiri 180, kwaɓin shanye shi yake yi.

A nan ne mai karatu Musulmi zai buɗe ido. Marinara da margherita da aka yi bisa ƙa'ida babu nama babu kitse a cikinsu. Soyayyar kuwa a al'ada ana cusa mata cukun ricotta da cicoli, wato soyayyen kitsen alade, wani lokaci da salame, wani busasshen naman alade. A nemi ta ricotta da tumatir zalla, a ce senza maiale, ma'ana ban da alade, a kuma tambaya ko a mai ɗaya ake soya duka. Kalmomin strutto da sugna duk kitsen alade suke nufi, kuma yana shiga kayan maƙulashe na fulawa irin su taralli da sfogliatella da ake yawan miƙa wa baƙi a hanya. Zaƙin da ake kira babà a cikin barasar rum ake jiƙa shi. Wasu masu shirya yawon na haɗa kofin giya a cikin kuɗin, saboda haka a faɗa musu tun ranar biya, kada a bari sai an zauna.

Sauran matsalolin na lokaci ne da ƙafa. Shahararrun gidajen Tribunali da Forcella kan tara layi mai tsawo daga ƙarfe ɗaya na rana, wasunsu ma ba sa ajiye wa kowa wuri, sai dai a karɓi lamba a jira. A fara yawo wajen goma da rabi na safe, a isa tanderu na farko da zarar an buɗe. Hakan na kuma ba da damar shiga coci-coci kafin wasunsu su rufe da tsakar rana, kuma ana son sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa. Wajen 15 ga Agusta shaguna da dama na tafiya hutu, a bincika kafin a sa rana. Ayari kada ya wuce mutum goma zuwa sha biyu: lungunan ƙunci gare su, babura na kutsowa ta ko'ina, na baya ba ya jin jagora, tanderu kuma 'yan kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, na farko ya cinye na ƙarshe bai samu ba. Daɓen titin baƙin dutse ne na aman wuta, santsi yake yi da an yi yayyafi, don haka a sa takalmi mai riƙe ƙasa, jaka kuma a gaba. A tambayi jagora katin izininsa, domin a Italiya aikin jagoran masu yawon buɗe ido sai da lasisi. Inda za a zauna a kan tebur akwai ɗan kuɗin zama da ake kira coperto, a ji ko yana cikin abin da aka biya.

Idan layi ya gagara, akwai mafita da garin ya daɗe da ita: fiza a portafoglio, ƙarama da ake ninkawa huɗu a cikin takarda a sayar ta taga. Ana cin ta a tsaye, a ɗan sunkuya gaba, a fara daga gefen da ke buɗe don kada ruwan tumatir ya zubo a riga.

Mun gode da ba mu wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu bibiyar jaridarku