Wasiƙa ga aminina kan finafinan ban tsoro

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, har da ba'ar da ka yi mini cewa wai mutum da girmansa ya raba dare yana kallon finafinan ban tsoro. Na yi dariya, amma fa ban yarda ba, saboda haka gyara zama.

A wani ɓangaren kana da gaskiya. Da yawansu jini ne kawai da ihu, an harhaɗa su don a kwashe kuɗin matasa, kuma ba su nake karewa ba. Amma akwai waɗanda in ka ɗauke dodon gefe, sai ka tarar da abin da ke damun mutanen da suka shirya fim ɗin, wanda bakinsu ya yi nauyin faɗa a fili.

Ɗauki Godzilla na asali, wanda aka fitar a Japan a 1954, shekara tara bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na shekarar, ƙurar gwajin bam da Amurka ta yi a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan, mutanen ciki suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu. Watanni kaɗan sai ga fim ɗin dodon da gwajin bam ya taso da shi daga ƙarƙashin teku, yana ragargaza Tokyo. Akwai inda aka nuna asibiti maƙil da waɗanda suka jikkata, likita ya kara wa wani yaro na'urar auna tururin nukiliya, tana ta ƙara. Duk wanda ya shiga silima a Tokyo a wannan shekarar ya san ba labarin dabba ake ba shi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Night of the Living Dead na George Romero, 1968. Gawawwaki sun tashi, mutane kaɗan da ba su san juna ba sun fake a wani gidan gona. Kai ka ce haɗin kai za su yi. Ina! Dare guda suka kwashe suna gardama kan a ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a tsaya a sama, kowa na son a ce shi ne mai gida, har ta kai su ga ƙwace bindiga da harbin juna. Mutum ɗaya ya ga wayewar gari, baƙar fata ne, Duane Jones ya fito a matsayinsa. Da safe ya ji motsin masu ceto, ya leƙo, sai wani Bature cikinsu ya hango shi daga nesa ya ɗirka masa harsashi a goshi, ko tambaya babu. Suka ja gawarsa da ƙugiya suka jefa a wuta. Romero ya sha cewa ya ɗauki Jones ne don ya fi kowa iyawa a gwaji. Ko da hakan ne, fim ɗin ya fito wata shida bayan kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, ka kuwa san da wane ido 'yan kallo a Amurka suka ga wannan harbin.

Irin wannan ne ya sa nake ganin ƙofa ta fi dodo muhimmanci a waɗannan finafinai: wa ya rufe ta, wa aka bari a waje. A Train to Busan na Koriya ta Kudu, 2016, inda wata cuta mai mayar da mutane gawawwaki masu cizo ta ɓulla a cikin jirgin ƙasa, wasu sun yi ta maza sun ratsa tarago bayan tarago don ceto 'yan uwansu. Da suka iso inda lafiyayyu suke, sai wani babban ma'aikacin kamfani ya zuga fasinjoji aka ɗaure ƙofa, wai kada su shigo da cuta. Babu mugu na asali a cikin waɗanda suka riƙe ƙofar nan, tsoro ne kawai ya tuɓe musu rigar mutunci. Uban da ke tsakiyar labarin ma da farko cewa ya yi wa 'yarsa, a irin wannan hali kowa ta kansa yake yi, saboda ta tashi ta ba wata tsohuwa kujera. Ni dai wannan maganar ta fi fuskokin gawawwakin tayar mini da hankali, don na san zan iya faɗa wa ɗana irinta ina ganin hikima na koya masa.

Ka nemi na Koriyan ka fara da shi, ya fi sauƙin shiga. Sai yara sun yi barci tukuna, don ba na idonsu ba ne. In ka gama ka rubuto mini, ina son jin hukuncin da za ka yanke wa fasinjojin nan, domin na san ka da saurin yanke hukunci.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran duka.

Naka har kullum,
Amininka